Zanen titi mota na wucewa: kon 30 za su ishe mu?

Sabon Helma: Assalamu alaikum. Manya, shawara nake nema. An ba mu aikin sabunta zanen wani titi mai hannu biyu a bakin gari, kilomita 3. Kowane hannu layi biyu ne, faɗin layi mita 3.5. Fentin dafawa za mu yi, tamoplastik, da injin turawa na hannu, tukunyar kuma tana kan motar Canter. Mu takwas ne, da kon na roba 30 (robobin nan masu tsini da ake jerawa a titi don karkata mota) da tuta biyu. An ce ba za a rufe hanya ba. Allon gefen titi ya ce gudun kilomita 50 a awa, amma ba mai yin 50 a wurin. Ta ina zan fara?

Injiniyan Titi: Wa alaikumus salam. Fara da manta allon nan. Gudun da motoci suke yi na gaskiya shi za ka yi lissafi da shi. Auna mita 100 a gefen kwalta, ka riƙe agogon waya, ka ga daƙiƙa nawa mota take ɗauka. Daƙiƙa 7 gudun 50 ne, daƙiƙa 4 da rabi gudun 80 ne. Auna motoci kamar ashirin a lokacin da hanya ta sake, ka ɗauki na masu sauri.

Mu ce 80 ka samu. Rufe layi ɗaya kashi huɗu ne a jere. Na farko allunan gargaɗi guda uku, mita 150 tsakanin kowanne: ana aiki a gaba, rage gudu, layi ya rufe. Na biyu jeren kon a karkace, wanda ke karkata mota a hankali daga layin da ka rufe. Lissafin da Amurkawa ke amfani da shi idan gudu ya kai 70 zuwa sama: faɗin layi sau gudu, a raba da 1.6. Naka 3.5 sau 80 a raba da 1.6, mita 175 ke nan. Na uku fili wanda ba kowa a ciki, ba mutum, ba buhun fenti, mita 130, domin direban da ya kutso ya samu wurin taka birki. Sai na huɗu, wurin aikin kansa. A ƙarshe ka ɗan karkata kon mita 30 motoci su koma layinsu.

Sabon Helma: Injiniya, wato kafin fenti ya taɓa ƙasa na cinye mita 750 da ɗoriya?

Injiniyan Titi: Haka ne. A gudun 80 mota tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Direba ya duba waya na daƙiƙa biyu, ya ci mita 44 bai ga komai ba.

Baba Fenta: Lissafin Injiniya daidai ne, amma akwai wurin da littafin Bature bai san mu ba. A can suna cewa tazarar kon a wurin karkata mota ta kai mita 16 a irin wannan gudu. A nan ka bar mita 16, ka buɗe wa adaidaita sahu ƙofa. Ɗan acaba ma ko mita 5 ya gani zai shiga ya fito ta gabanka. A karkacen kada tazara ta wuce mita 6. Raba 175 da 6, ka ga kon ɗinka 30 sun ƙare tun ba ka iso wurin aiki ba. Filin birki kon 13 idan mita 10 ne tsakani, wurin aiki na mita 300 kon 30, mafita 6. Kusan 80. Ka nemi 100, domin tirela za ta murƙushe wasu, yara za su ɗauke wasu.

Kuma ba ƙananan nan na makarantar koyon tuƙi ba. Tsayin santimita 70 zuwa sama, mai gindi mai nauyi, mai ɗamara mai ƙyalli. Iskar tirela tana kayar da marar nauyi. In sun ƙi tsayawa, a kifa biyu a haɗe. Kada a ɗora dutse a kai.

Ɗan Kwangila: Baba, a yi maganar kuɗi ma. Kon 100 masu kyau ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ba kasafai ake sa shi a takardar aiki ba. Ganye da tsofaffin tayoyi da duwatsu fa? Direban Najeriya ya fi jin tsoron dutse a kan roba.

Direban Tirela: Alhaji, bari in amsa wannan daga inda nake zaune. Ganye a kan titi ma'anarsa a wurinmu mota ta lalace a gaba, ka kauce ka wuce. Ba ya cewa akwai mutane a tsakiyar kwalta. Dutse kuwa, in taya ta baya ta taka gefensa, harba shi take yi, kuma wajen ma'aikatanku zai nufa. Mai babur ya ci karo da shi da magariba, kun jawo wa kanku shari'a. Sannan duk wanda ya ga duwatsu jere a hanya da duhu, abin da zai fara zuwa masa 'yan fashi, sai ya ƙara wuta.

In kuɗin bai kai ba, ku rage tsawon wurin aiki, ku yi mita 100 maimakon 300. Kada ku rage karkacen. Mota mai lodi ba ta canza layi a mita 30, kuma a gangare birki in ya yi zafi sai a hankali. Ku ba mu labari tun daga nesa.

Injiniyan Titi: Maganar Direba ta kawo mu kan abin da ya fi komai. Kon ba ya tare mota. Sanarwa ce kawai. Abin da ke tare mota shi ne wata motar da ta fi ta nauyi. A ƙarshen filin birki, kafin ma'aikata, a ajiye tifa mai lodin yashi a cikin layin da aka rufe, da fitila mai walƙiya a sama da allon kibiya a baya. A ja birkin hannu, a bar ta a giya, a karya sitiyari zuwa gefen da ba mutane ba motoci, direba ya sauka. Tsakaninta da mutum na farko mita 30 zuwa 50, domin idan aka buge ta daga baya gaba za ta gangara. A ƙasashen da suka ci gaba akwai katifar ƙarfe da ake ɗaura wa bayan irin wannan mota, mai lanƙwashewa ta shanye karon. In babu, tifa ta fi babu.

Kuskuren da ake yawan yi: a mayar da motar tukunya ita ce garkuwa. Mota mai ɗauke da narkakken fenti da silindar gas ba ita ake sa wa a bakin karo ba.

Sabon Helma: To zanen tsakiya, mai rabe layi biyu na hannu ɗaya, wane layi zan rufe? Na dama ko na hagu?

Baba Fenta: Na dama. Mai turin inji yana da daji ko gefen titi a kusa, in abu ya taso ya yi tsalle. Kaya ma ta gefe za su zo, ba wanda zai tsallaka titi da bokitin fenti mai zafi.

Injiniyan Titi: Baba, a nan ban bi ka gaba ɗaya ba. Zanen tsakiya yana kan iyaka ne, dole kon ya shiga ɗaya layin aƙalla rabin mita, in ba haka ba madubin mota zai shafi kafaɗar mai inji. A Ingila ma, inda gudu ya kai 80, tazarar gefe da suke nema mita 1.2 ce. Cire rabin mita daga 3.5, saura 3. In ka rufe dama, ka matse tirela tsakanin kon da kankaren tsakiya, ba ta da wurin kaucewa sai kanku. In ka rufe hagu, motoci suna da gefen kwalta na dama su ɗan buɗa.

Baba Fenta: In tsakiyar da ta raba hannu biyun katangar kankare ce fa? Yaro ya gudu ina?

Injiniyan Titi: A nan kam ka yi gaskiya. To a ce haka: in tsakiyar fili ce mai faɗi da mutum zai haye, kuma gefen dama yana da kwalta, a rufe hagu a yi zanen bakin hagu da na tsakiya tare. In katanga ce, a rufe dama, a sa masu tuta su sauko da gudu sosai. Helma, kai ka ga wurin.

Sabon Helma: Tsakiyar ƙasa ce, faɗinta ya kai mita 3, dakalinta gajere.

Baba Fenta: To rufe hagu. Amma kula da masu bin hannun da ba nasu ba. Da zarar layi ya rufe, cunkoso ya taru, wani zai haye tsakiya ya biyo wanwe, ya shigo muku ta inda ba ku sa ido ba. Layin da kuka rufe a idonsa hanya ce da ba kowa. Sa mutum a ƙarshen wurin aiki ma, ba farko kaɗai ba.

Wani abu kuma. Mutane suna ganin haɗarin yana wajen fenti. Lokacin da aka fi buge ma'aikaci shi ne lokacin jan igiya da ɗiga alama, da lokacin jera kon da kwashe su. Mai ɗiga alama a sunkuye yake, idonsa a ƙasa, kuma sau da yawa ana tura shi tun kafin a rufe layi wai aikin minti goma ne. Kada igiya ta sauka a kwalta sai an gama rufewa. Tunda sabuntawa ne, tsohon zane yana nan, bi shi, ba ka ma buƙatar igiya sai inda ya goge.

Jerawa: allo mafi nisa shi ne farko, sannan a bi yadda motoci ke tafiya, tifa na bayan mai jerawa, shi kuma fuskarsa na kallon motocin da ke tahowa. Kwashewa akasin haka: a fara daga ƙarshen wurin aiki a dawo baya, karkacen ya zama kusan na ƙarshe, alluna su ne ƙarshen ƙarshe. Wanda ya fara cire alluna don yana sauri ya bar mutanensa tsirara.

Direban Tirela: Ku ƙara da wannan: kada karkacen ya fara a bayan kwana ko bayan tudu. Ku matso da shi inda za mu hango daga nesa, ko da ya ƙara muku kon ashirin. Kuma in kun tashi ku kwashe allunanku. Allon da ke cewa ana aiki alhali ba kowa, shi ke koya wa direba raina na gaba.

Hajiya Mai Tsaro: Maganar mai tuta nake so a gyara, domin a yawancin wurare yaron da ya fi kowa ƙanƙanta ake miƙa wa jan ƙyalle. Wannan aiki na wanda ya fi kowa nutsuwa ne. Wurin tsayuwarsa gefen titi ko tsakiyar da ba mota, ba cikin layi ba. Fuskarsa ga motoci. Shi kaɗai, ba a taru ana hira a wurinsa, ba mota a fake kusa da shi da za ta toshe masa hanyar gudu. Waya a aljihu.

Ban da shi, a ware mutum ɗaya mai usur kusa da mai turin inji, ba ya ɗaukar komai, ba ya shara, aikinsa kallon hanya. A yi yarjejeniya tun da safe: busa ɗaya mai tsawo, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya haye tsakiya, ba waiwaye. A gwada sau ɗaya kafin a fara. Ƙarar injin hura ƙura da ta wutar tukunya tana danne murya, ihu ba ya isa. A riƙa canza su duk bayan awa ɗaya, ido yana gajiya.

Lissafa mutanenka: mai tuta biyu, mai usur ɗaya, mai tukunya, mai inji, mai ɗauko fenti, mai shara, direba. Takwas cif, kai kanka kana ciki, ba mai canji. Ka nemi ƙarin biyu.

Riga mai ƙyalli kuma a zuge ta, mai hannu ta fi 'yar shara, da wando mai ɗamara biyu a ƙafa, domin mai sunkuyo ƙafarsa ake gani. Wadda fenti da ƙura suka rufe ta gama aiki.

Mai Tukunya: Hajiya, ban da mu a rigar leda kai tsaye a jiki. Tana narkewa ta manne da fata. Na kusa da wuta ya sa rigar auduga mai dogon hannu, safar hannu ta fata mai kaiwa gwiwar hannu, gilashin rufe fuska, takalmin but, ƙafar wando a kan takalmi, ba a cusa a ciki ba. In ka cusa, abin da ya zubo cikin takalmin zai tafi.

Fentin nan ana dafa shi tsakanin digiri 180 zuwa 200, wasu har 220, duba jikin buhu. In ya wuce, fari ya koma ruwan ƙasa, hayaƙi ya yi kauri, daga nan sai wuta. Ma'aunin zafi dole ne, ido ba ya auna wannan. Buhu kilo 25 ne, kada a juye da yawa lokaci ɗaya: a fara da kamar kashi ɗaya cikin uku na tukunya, ya narke, a riƙa ƙarawa, abin juyawa na aiki. Ruwa shi ne babban abokin gaba. Buhu mai danshi ko ɗigon ruwan sama a tukunya, yadda ruwa ke yi a man ƙosai haka zai yi, sai dai wannan yana manne wa mutum. Hadari ya taso, rufe murfi, kashe wuta.

Silinda a tsaye, a ɗaure, nesa da wuta. Kumfar sabulu ake gwada tiyo da ita, ba ashana ba. Abin kashe gobara na gari, kilo 9, guda biyu, ɗaya a ƙasa inda hannu zai kai, domin wanda ke kan motar da ta kama ba shi da amfani. Tukunya ta kama, kashe gas, rufe murfi, kada a watsa ruwa.

A kauri milimita 2, buhu ɗaya yana ba da kamar murabba'in mita 6, wato mita 40 na zane mai faɗin santimita 15. Yi lissafinka da wannan, ka san sau nawa mai bokiti zai yi zirga-zirga. Kowace tafiya da bokiti haɗari ce, don haka motar tukunya ta riƙa bin inji a kusa, a cikin layin da aka rufe. In za ta yi ribas, sai da mai nuna mata hanya wanda direba ke gani a madubi. Motar aiki ma tana take ma'aikaci.

Baba Fenta: Ƙwayar gilas ɗin da ake barbaɗawa a kan sabon zane don ya yi ƙyalli da dare, giram 300 zuwa 400 a murabba'in mita, wadda ta zube a gefe a share ta kafin a buɗe layi. A kan busasshiyar kwalta santsi gare ta, mai babur ya taka birki a kai ya tafi.

Ɗan Kwangila: Duk wannan wahala, me zai hana a yi da dare? Motoci kaɗan, ba rana, ba 'yan adaidaita.

Direban Tirela: Motoci kaɗan, amma su waye? Mu ne, da masu lodin dare, wani ya kwana biyu bai yi barci ba, wani fitilarsa ɗaya. Hanya ta sake, gudu ya ƙaru. In dole ne, fitilunku su kalli ƙasa. Kuka haska mana ido, ba kon ba, ko tifar ba za mu gani ba.

Injiniyan Titi: Ga kuma raɓa. Tamoplastik ba ya kama kwalta mai danshi, zai yi ƙuraje ya ɓare. Gwaji mai sauƙi: manna leda a kan kwalta da salatif, bar ta minti 15 zuwa 20, in ka ga gumi a ƙasanta ka jira. Kwalta mai sanyi ƙasa da digiri 10 ma ba ta karɓa, abin da kan iya faruwa a Jos da asubahin hunturu. Aikin da ya ɓare sai an sake, wato ka sake fito da mutane titi karo na biyu.

Ni a ganina, bayan cunkoson safe zuwa azahar, ko safiyar Lahadi. A guji lokacin da rana ta yi ƙasa tana dukan idon direba: hannun da ya nufi gabas da sassafe, wanda ya nufi yamma da la'asar sakaliya. Ranar da hazo ya sauka har ba ka hango allonka na farko daga na biyu ba, a haƙura. A duba ranar kasuwa kuma. Mai aiki a hanyar Wudil ba ya zaɓar Juma'a, na hanyar Maigatari ba ya zaɓar Alhamis.

Hajiya Mai Tsaro: A rubuta wa hukuma kafin ranar. Hanyar tarayya ce, a sanar da Hukumar Kiyaye Haɗurra. A cikin Kano 'yan Karota, a Kaduna 'yan Kastiliya. Direban da ba ya ganin mai tuta yana ganin mai kaki. Amma zuwansu ba ya rage ko kon ɗaya daga lissafi.

Malama Nas: Nawa na bayan abu ya faru ne, Allah ya kiyaye. Fenti mai zafi ya zuba wa mutum: ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara minti 20. Jarka biyu ta lita 25 a ware domin wannan kaɗai, nesa da tukunya, kada a sha, kada a wanke hannu da ita. Kada a ɓare fentin da ya manne, da fata zai taho. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai, ba tina (ruwan tsinka fenti). A rufe da leda mai tsabta a tafi asibiti.

In kuna da injin feshi na fentin sanyi, mai matsi sosai, kada kowa ya sa yatsa a bakinsa don ya toshe. Yana huda fata ya tura fenti ciki. Ramin ɗan ƙarami ne, mutum ya ce ba komai, alhali aikin tiyata ne a ranar, in aka yi jinkiri yatsa kan tafi.

Mota ta buge mutum: a fara tsayar da motoci, kada mai ceto ya zama na biyu. Kada a ɗauke shi hannu da ƙafa a cusa a adaidaita, wuya da baya ake tsoro. A danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, a kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Helma, ka san asibiti mafi kusa da hanyarsa tun kafin ranar.

Zafi kuma: a watan Maris da Afrilu, kofin ruwa duk minti 20. Wanda ya fara jiri ko maganarsa ta rikice a janye shi inuwa, domin mai jiri shi ke taka kon ya fita layi. In azumi ne, a tashi da hantsi.

Sabon Helma: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: minti nawa zan jira kafin mota ta taka sabon zane? Kuma yaya zan hana masu takawa da gangan?

Mai Tukunya: Da safe minti 3 zuwa 5 ya isa. Da tsakar rana kwalta ta ɗau zafi, ba shi 10. Danna da bakin takalmi a ƙarshen zane, in bai lotsa ba ya yi. Fentin sanyi kuwa minti 20 zuwa 30.

Baba Fenta: Masu takawa kuwa, ka bar su. Kada yaro ya bi mota da gudu ko ya miƙa hannu ya tare babur saboda zane. Inda aka taka, sa alama, in an sake rufe wannan layin a gyara. Kon da mota ta ture zuwa cikin layin da ke buɗe ma, ba mai ɗauko shi sai mai usur ya ba da izini, in kuwa hanya ba ta sake ba a sa wani a gurbinsa daga cikin ashirin ɗin da ka ajiye.